Ordinatar da Ta Yi Shiru

Kawuna tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Dogon Dutsi. Bayan ciwo ya tafi da ganinsa, abin da ya fi ci masa rai shi ne sai wani ya karanta masa takardunsa, har da na likita. Da na gama jami'a sai ya miƙo mini tsohuwar ordinatarsa, wato kwamfuta, ya ce in sa ta yi magana.

Cikin tsarin da ke tafiyar da ordinata, Linux kaɗai za ta iya ɗauka, shi kuwa iri-iri ne. Mako biyu na yi ina kwatanta guda uku. Ɗaya kullum cikin sabuntawa yake, ɗaya an yabe shi da sauƙi da kyan gani, na ukun kuma sai ya yi shekaru bai canja ba. Na ɗauki na biyun, na kunna muryar da ke karanta abin da ke kan allo, na gwada ta sau da yawa, sannan na tafi Guéchémé wani ɗan aiki.

Na dawo bayan kwana huɗu, ko biyar, ban tabbatar ba. Na tarar da ordinatar rufe a ƙarƙashin gado. Kawu ya ce tun ranar da na tafi ba ta ce uffan ba, ya ɗauka shi ya ɓata ta, kunya ta hana shi kirana. Ina kunnawa na gane. Muryar ba ta tashi sai an shigar da kalmar sirri. Ni ina ganin gurbin, ina cikewa ban ma lura ba.

Na fara yi masa dogon bayani. Ya saurara har na ƙare.

"Ɗana, da ido ka gwada ta," in ji shi.

Na ari zanen matarsa na lulluɓe allon, na sake gwada ukun daga kunnawa har kashewa. Sau biyu na ɓace, hannuna yana son ɗaga zanen. Na ukun ne ya yi magana tun daga farko, bayan na gyara masa saiti, shi na bar masa. Da lafazin Faransanci muryar ke karanta Hausa. Kawu ya ce kamar sabon baƙo a kasuwa, amma ana ganewa.

Akwai saƙon likita da ya iso ta intanet tun ina Guéchémé. Kawu ya lalubo abin saurare ya sa a kunne, ya ce in ɗan ba shi wuri. Na zauna a ƙofar ɗaki ina jin ƙarar maɓallai, har ta tsaya. Ya daɗe bai kira ni ba. Har yau ban san abin da ke cikin saƙon ba, ban kuma tambaya ba.