Safar da Na Ɓoye wa Baba

Wata Asabar ce a watan Disamba na 1984, gari bai gama wayewa ba. Ina tsaye a tsakar gidanmu na haya a Kakuri, sanye da kayan makarantar da Mama ta goge tun jiya da dutsen guga na gawayi, na rungume jakata a ƙirji, Baba kuma yana ta birkita ɗaki yana neman safarsa. Ya ɗaga katifa, ya leƙa ƙarƙashin gado, ya zazzage kwandon wanki. Mama tana bakin murhu tana cewa ita da hannunta ta kwashe su daga igiya ta ajiye a kan rediyo. Ni kuwa na ƙura wa ƙasa ido, haƙorana na kaɗawa, rabi don sanyi rabi don tsoro, domin safar tana can ƙasan jakata, ƙarƙashin fensir biyu da rula da takardar shiga jarrabawa. Shekarata goma sha biyu, kuma ranar ce zan rubuta jarrabawar ƙarshe ta shiga sakandaren 'yan mata ta kwana, a wata makaranta da ke tsallaken kogi. Ƙarfe takwas za a rufe ƙofa, wadda ta makara kuma sai baɗi.

Safar nan ba ta ƙafa ba ce, ko in ce ta daɗe da yin ritaya daga ƙafa. Dogayen safa ne kore na buga ƙwallo, tun lokacin da Baba yake saurayi yana tsaron baya a ƙungiyar sashensu na masaƙa. Da ya daina ƙwallo ya sayi babur, sai Mama ta huda wa kowace ɗaya ƙofar babban yatsa, ta daje bakin da zare, suka koma safar hannu. In ya zura su sukan kai har gwiwar hannu, dunduniyar kuma ta yi tudu a bayan hannunsa kamar ƙurji. Aikin Baba a masaƙa shi ne tsayuwa a kan injinan saƙa, zare ya tsinke ya ɗaura kafin atamfa ta lalace, saboda haka yana ji da yatsunsa fiye da yadda yake ji da komai nasa. Da hunturu ya shigo, shirin fitarsa ya fi na mai zuwa yaƙi: tsofaffin jaridu ninki uku a cikin riga don kare ƙirji, tsohon kwat a kai, hular sanyi har kunne, sannan safa. In Mama ta yi masa dariya sai ya ɗaga hannayen ya ce, "Da yatsun nan goma kuke cin tuwo."

Gidan namu ɗakuna goma sha biyu ne a jere, famfo ɗaya, kuma kusan kowane ɗaki akwai mai aiki a masaƙa. Jiniyar kamfani ce agogonmu. Da ta yi kukan farko, mu yara mun fito shara da layin ruwa, fuskoki sun sha basilin sai ƙyalli, kowa ya cusa hannu a hammata. Mukan tara karan masarar da muka kwaso daga 'yar gonarmu ta gefen layin dogo mu hura wuta a bayan gida, mu yi da'ira muna jin ɗumi, muna gasa dankali a toka, har sai wata uwa ta leƙo da tsintsiya ta watsa taron. Da rana ta ɗaga kuma sai a manta da sanyi, a shiga 'yar gala-gala da carafke har ƙafa ta yi furu-furu. Wankin babur ranar Asabar nawa ne, ban yarda ƙannena su taɓa ba. Tun ina ƙarama Baba yake ɗora ni a kan tanki mu zaga Makera, ina jin ɗumin inji a ƙafafuna, ina ganin babu yarinyar da ta kai ni gata a duk kudancin Kaduna.

Abin ya lalace ne a aji shida. Wata safiya Baba ya sauke ni a ƙofar firamarenmu, ya ɗaga mini koren hannu yana sallama, sai wata Ladi, wadda bakinta ya fi jikinta girma, ta ce da ƙarfi, "Ku zo ku ga Baban Rifkatu, ƙafa huɗu gare shi." Aka kwashe da dariya. Kafin a fita tara sunan ya zaga makaranta, na zama 'yar mai ƙafa huɗu. Na yi dambe sau biyu a kai, na sha bulala sau biyu, sunan bai goge ba. Daga nan na fara roƙon Baba ya riƙa sauke ni tun daga kwanar masu ƙosai, wai ina son taka ƙafa. Da aka ce wurin jarrabawar nan 'ya'yan manya za su zo daga cikin gari a motoci, sai na kwana ina hango kaina ina sauka daga bayan mutum mai safar ƙwallo a hannu. Da asuba, Baba yana wanka, na miƙa hannu kan rediyo. Ban yi tunanin komai ba sai na kaina.

Da ya ga bakwai ta gota sai ya haƙura. Ya ja cok, ya buga kik sau biyar kafin babur ya yarda ya tashi, ya ce in hau. Mama ta biyo ni da zane in yafa, na ƙi, don kada ya yamutsa mini guga. Na rataya jaka a baya, na zagaya cikinsa da hannuwana, jaridun cikin rigarsa suna ƙara. Sanyin tsakar gida daban, na kan babur daban. Na tsakar gida yana taɓa fata ne, na kan babur kuwa har ƙashi yake nema. Muka ratsa Makera, 'yan tireda suna buɗe shaguna a duƙunƙune, masu dawowa daga masallaci sun naɗe kai da rawani, mutane sun kewaye masu shayi. Idanuna suna ta zubar da ruwa, iska na share shi zuwa kunne. Kafin mu kai shataletalen tashar jirgin ƙasa na daina jin yatsuna, kuma na lura Baba yana sakin hannu ɗaya yana bugawa a cinya, ya mayar, ya saki ɗayan.

A hawan gada abin ya faru. Sanyin da ke tasowa daga kogi ya fi na ko'ina, ruwan yana fitar da wani farin tururi. Wata bas ta ci birki a gabanmu don ɗaukar fasinja, Baba ya kai hannu zai matse kuloci, yatsun suka ƙi lanƙwasuwa. Birkin ƙafa kawai ya taka, babur ya yi tsalle ya mutu, muka tafi luu har tayar gaba ta daki dakalin gefen hanya. Ba mu faɗi ba, ya tokare da ƙafa. Ya ce in sauka, ya kafe babur, ya tsaya yana kallon hannayensa. Sun yi fari fat, sun ƙage a lanƙwashe kamar har yanzu suna riƙe da kan babur. Ya hura musu iska, ya cusa su a hammata, ya gwada matse kuloci, ya kasa. Ya ɗaga hannu ya duba agogo da ƙyar: takwas saura minti ashirin da biyar, ga sauran tafiya mai yawa a cikin gari.

A nan tsoro ya fi ƙarfin kunya. Na sauke jaka zan buɗe, sai na ga ni ma yatsuna ba nawa ba ne, ƙaramin maɓallin jaka ya gagare ni, sai da na sa haƙori. Na zaro safar na miƙa masa, kaina a ƙasa, ina jiran mari. Baba bai taɓa marina ba, amma ranar na san na ci a mare ni. Ya dubi safar, ya dubi fuskata, sannan ya daɗe yana kallon hannuwana. Ya ce, "Kama fensir in gani." Na ɗauko fensir, ya suɓuce ya faɗi a kwalta. Sai ya karɓi safar da tafukan hannunsa biyu, ya ce in miƙo hannu, ya zura mini su ɗaya bayan ɗaya, yana ja da haƙori inda yatsu suka gaza, har suka wuce gwiwar hannuna. Na ce, "Baba, kai fa?" Ya ce, "Ke za ki yi rubutu yau, ba ni ba. Sa hannun cikin aljihun kwat ɗina, kada ki cire safar sai an ba ki takarda."

Shi kuma ya tsuguna ya manna hannayensa a jikin inji. Duk mai babur ya san dabarar nan, sai dai taɓawa ake yi a ɗauke, a sake taɓawa. Baba yana sauri, kuma hannun da ya mutu da sanyi ba ya jin zafi, saboda haka ya bar su a kai har sai da yatsun suka motsa. Muka hau. Sau ɗaya muka ƙara tsayawa a cikin gari ya maimaita. Mun isa ana jan ƙofa, maigadi yana kiran a yi sauri. Motocin da na ji tsoro suna nan jere, da 'yan mata masu suwaita masu kyau. Na ratsa ta tsakiyarsu da korayen hannuwa, dunduniya a tudu. Wasu sun yi dariya, kuma ta yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Amma da aka raba takardu na cire safar, yatsuna da ɗumi, na fara rubutu nan take, ta kusa da ni kuwa tana ta hura hannu.

Da muka koma gida da azahar na ga abin da inji ya yi masa. Yatsu uku na dama da tafin hagu sun yi bororo, sun cika da ruwa. Mama ta zauna tana shafa masa man kaɗanya tana faɗa, sai idonta ya kai kan safar da ke leƙowa daga jakata. Ta ce, "A ina kuka same su?" Baba ya ce, "Biyo mu suka yi." Mama ta dube ni, na dubi ƙasa. Ranar Litinin jiniya ta yi kuka, ya naɗe yatsun da tsumma ya tafi ɗaurin zare. Sati biyu yana dawowa tsumman ya manne da ciwo, ni nake ɗumama ruwan da ake jiƙa shi. Sakamako ya fito bayan Kirsimeti, na samu shiga. Tabon kuwa ya zauna a yatsunsa har tsufa, fatar wurin tana sheƙi.

Yanzu masaƙun Kakuri sun yi shiru, babu jiniyar da ke tada kowa, inda ma'aikata suke tururuwa da kekuna da babura sai 'yan shaguna da keke napep. Gidan hayarmu yana nan, amma ban san kowa a ciki ba. 'Ya'yana a mota ake kai su makaranta, gilashi a rufe, kuma har yanzu suna ƙorafin sanyi. Da albashina na farko na aikin jinya na saya wa Baba safar hannu ta fata. Ya yi godiya sosai, ya sa ta zuwa coci sau ɗaya don in gani, sannan ya adana a akwati ya koma wa korayensa. Duk lokacin da sanyi ya shigo na bi ta gadar nan da safe, na ga mai babur yana buga hannu a cinya, sai in ji kewarsa. Har ya rasu bai taɓa tambayata dalili ba, ni kuma ban taɓa ba shi haƙuri ba.