Bake Mai Sakwara da Takardar Haihuwar Nyire

Duk wanda ya taɓa cin sakwara a bakin tashar Parakou ya san Bake. Shekara ashirin da biyu tana dakan doya a wurin. Ni ina koyarwa ne a makarantar da ke bayan rumfarta, kuma kusan kullum a wajenta nake cin abincin rana.

Bake ba ta yi boko ba, amma tun autarta Nyire tana aji ɗaya take gaya wa kowa cewa yarinyar nan sai ta shiga jami'a. Da sakamakon jarrabawar ƙarshe ya fito, makin Nyire ya haura wanda ake nema kafin gwamnati ta ba ɗalibi tallafin karatu. Sai dai akwai sharaɗin shekaru, takardar haihuwarta kuwa ta ƙara mata shekara uku. A ƙauye aka haife ta, ba a yi takardar ba sai da za ta shiga makaranta. Magatakarda ya gan ta doguwa, ya rubuta abin da ya ga dama.

Nyire ta dawo daga ofishin tallafin tana kuka. "Inna, wai na tsufa."

Bake ta ce, "Ni da na haife ki ban tsufa ba sai ke? Share fuskarki, miƙo min taɓarya."

Washegari ta rufe rumfa ta hau mota zuwa ƙauyensu. Bayan kwana huɗu ta dawo da ungozomar da ta yanke wa Nyire cibi, tsohuwa mai dogara sanda, da katin rigakafin da ma'aikacin jinyar ƙauyen ya tono mata a cikin kwali. Ni ta sa na rubuta takardar kotu, na karanta mata har sau uku.

Ta ce, "Malam, cire 'ina roƙo' ɗin nan. Gyara na zo a yi min."

A kotu alƙali ya tambayi ungozomar yadda ta tuna ranar. Tsohuwar ta ce, "Ranka ya daɗe, ranar nake aurar da ɗana. Aka ɗago ni daga wurin biki, ko loma ban kai baki ba. Ga takardar auren." Alƙali ya yi dariya, ya gwada takardar da katin rigakafin, ya sa hannu.

Saura kwana biyu a rufe karɓar takardu Nyire ta miƙa nata. Sunanta ya fito cikin waɗanda suka dace, yanzu tana shekara ta biyu a tsangayar aikin gona.

Bake tana nan tana dakanta. Sai dai mai ciki ba ta sayen sakwara a wajenta ta tafi salin alin. Kafin ta zuba mata miya za ta ce, "'Yar nan, ranar da kika sauka lafiya, ki kora mijinki ofis ya yo takarda. In ya ce gobe, turo min shi."