Ramin da Aka Kewaye da Kerana

Mun tashi da asuba daga Kafanchan ranar Alhamis ɗin da ta wuce, masu ƙosan bakin tashar jirgin ƙasa ba su ko hura wuta ba. Mu uku ne a Landirofa: direba, da wani abokina da muka yi makaranta tare, wanda yanzu yake aikin binciken ma'adinai a Kaduna, sai ni. Ni malamin labarin ƙasa ne. Shekara tara ina zana wa yara duwatsu a allo, ban taɓa fasa ko ɗaya da hannuna ba. Da ya ce in raka shi wani tsohon wurin haƙar zinariya, sai na ce faɗuwa ta zo daidai da zama.

Ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba, hanyar Kwoi kuwa damina ta yi mata kaca-kaca. Kafin mu isa, kaina ya gaisa da rufin mota ya fi sau goma. A Kwoi muka karya kumallo da gasasshiyar doya da manja da barkono, kobo goma, ga ƙamshin citta ko'ina, an shanya ta har bakin hanya. Wata Bafillatana ta sayar mana da nono. Ita har yanzu da sule take ciniki, ta ce wannan naira ta 'yan boko ce.

Daga nan muka saki babbar hanya muka nausa wajen Kagarko. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba.

A mota abokina ya buɗe mini tsohon fayil na zamanin Turawa, takardunsa duk gara ta ɗanɗana. Ya ce ƙasar wurin hawa-hawa take. Sama jar marmara, ƙarƙashinta wani baƙin dutse mai ɓarewa falle-falle, a cikinsa kuma farin dutse ya ratsa kamar jijiya a nama. A wannan farin ne zinariya take ɓuya, ruwa ya riƙa gutsuro ta yana kaiwa rafi. Kafin yaƙin Bama wani Bature ya bi rafin yana wanke yashi, har ya gano inda jijiyar ta fito. Ya sa aka tona kwalbatoci, sannan rami mai zurfi. Fayil ɗin ya ƙare da layi ɗaya: an dakatar da aiki saboda ruwa. Yanzu wani kamfani yana so ya san ko abin da ya rage ya isa a dawo.

A ƙauyen aka haɗa mu da wani tsoho, dattijon ikkilisiya, wanda ya yi leburanci a ramin yana saurayi. Ya ba mu kunu, ya yi mana addu'a, sannan ya ɗauki sanda da baƙin akushi ya wuce gaba. Mun yi tafiyar kusan awa ɗaya ta cikin gonakin acca. Kwalbatocin Baturen suna nan, ciyawa ta rufe su, sai ka kusa karya ƙafa kafin ka gan su. Amma babban ramin an kewaye shi da kerana, irin shingen da ake yi wa gida, an share cikinsa fes, ba ko tsinke. Na tambaye shi wa yake wannan aikin.

"Ni ne, Ticha," in ji shi. "Ƙanina yana ciki. Ƙasa ya rufta da shi da safe, ni na fito shan ruwa. Mun tona kwana uku, ruwa ya cika, Bature ya ce a bari. Mamanmu ya mutu bai ga gawan shi ba."

Wannan ne ruwan da fayil ya ambata. A wajen mutanen ƙauyen, duk inda mutum ya kwanta nan ne kabarinsa, kabari kuwa ba a sa masa diga. Idan kamfani ya dawo, ta nan zai fara, domin nan jijiyar ta fi kauri. Na ji kunya ta kama ni, don tun daga Kafanchan nake murna kamar mai zuwa biki.

Muka gangara rafi. Abokina ya ce, "Baba, ku kuka san aikin nan, ku wanke mana mu gani." Tsoho ya tsuguna, ya ɗebo yashi daga ƙarƙashin wani dutse, ya shiga juya akushi cikin ruwa. Ban taɓa ganin hannu mai ladabi irin wannan ba. Tsakuwa ta fita, yashi ya bi ta, saura baƙin gari a gindi. Ina tsugune a bayansa, da idona na ga ɗigo huɗu ko biyar, rawaya, kowanne bai kai ƙwayar acca ba. Sai ya ɗan karkata wuyan hannunsa. Ruwa ya tafi da su. Ya miƙa wa abokina akushin ya ce, "Ka gani, ɗana? Babu. Bature ya kwashe."

Sau shida yana wankewa, sau shida babu. A na uku muka haɗa ido, ya gane na gani. Bai roƙe ni ba, ni ma ban tona masa asiri ba.

Abokina bai yi gardama ba. Ya koma wajen tarin da aka fitar daga ramin tun wancan zamani, ya farfasa farin dutse da guduma, yana zubawa a ƙananan jakunkuna. Tsoho ya duba kowane gutsure a rana, bai ga ƙyalli ba, hankalinsa ya kwanta. Shi da kansa ya taya mu ɗauka har bakin mota. Ya kawo mana citta cikin kwando, ya kama hannun abokina da hannu biyu ya ce ranar Lahadi zai tashi lokacin sujada a majami'a ya yi godiya ga Ubangiji, an bar ƙaninsa ya huta.

Sai da muka wuce Kwoi abokina ya yi magana. Ya ce shi ma ya ga hannun tsohon tun wankin farko. Ya ce akushi ba shi ne hukunci ba yanzu. A Kaduna za a niƙa dutsen, a narka shi a wuta, a auna abin da ido ba ya gani, kuma ga yadda farin nan yake da tsatsa a jikinsa, da wuya a rasa. Na ce to ya rubuta musu cewa akwai mutum a ramin. Ya ce zai rubuta, amma bai taɓa ganin irin wannan layin ya tsayar da katafila ba.

Jakunkunan suna gindin ƙafata duk tsawon hanya. Mun haye gada biyu, a kowacce na yi tunanin jefa su a ruwa. Ban jefa ba. Aikin abokina ne, yana da iyali, ni kuma ban kai jarumin da nake tsammani ba. Mun shigo Kafanchan bayan magariba, kowa ya kama gabansa, sallamar ma a taƙaice.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai daɗi ba ne. Na san yanzu yadda zinariya take kwana a dutse, na kuma san takardar ofis tana iya haɗiye mutum ɗungum ta kira shi ruwa. Yau Lahadi. Na shirya zan tafi majami'a, sai na kasa, na zauna ina wannan rubutu. A daidai wannan lokaci Baba yana tsaye gaban jama'arsa yana godiya, duwatsun kuwa tun jiya suka isa Kaduna.