Furen Cittar Goggo Asabe

Ina tsaye a wani ɗan shagon kayan miya a unguwar Al Sabkha ta Dubai, da furen citta a hannuna, wayata ta yi ƙara. Malam Haruna ne, mai gidan abincin da nake aiki. Ya ce, "Rabi, kina ina? Sai haƙuri. Goggo Asabe ta cika." Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na zauna a kan buhun albasa. Mai shagon yana ta tambayata ko ya ƙunshe mini furen, ni kuwa saboda ita na zo saye.

Goggo Asabe ce shugabar girkinmu. 'Yar Kachia ce, a gonar citta ta tashi, amma takan ce sai da ta zo Dubai ta san ana cin furen citta. Wata maƙwabciyarta 'yar Indunusiya ta nuna mata irin nasu, dogo, ja-ja, mai ɗan tsami da ƙamshi kamar na lemun tsami. "Kin ga ikon Allah," in ji ta. "Mu muna ta tonon ƙasa, ashe akwai rabo a sama."

Da na zo sabuwa, ta ba ni furen ta ce in ajiye. Ni kuwa Bahaushiya, na ji an ce citta, sai na shanya shi a rana don ya bushe in daka. Ta dawo ta tarar ya yanƙwane, ba sauran ƙamshi. Ba ta yi faɗa ba. Dariya ta yi har da riƙe ciki, ta ce, "'Yar nan, ba kowane abu ake kai wa turmi ba." Daga nan ta zaunar da ni ta koya mini. Ɗanye ake yanka shi, siriri kamar albasa. Yana kashe ƙarnin kifi, ana kuma barbaɗa shi a kwaɗo ko a kan shinkafa. A farfesu kuwa ba ya shiga sai an sauke tukunya daga wuta.

Masu cin abinci da farko tsince shi suke yi su ajiye a gefen faranti, wai ado ne. Sai ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu: "Alhaji, ba kwalliya na yi maka ba. Yalla, maza cinye shi."

Amma ba don haka aka san ta ba. Duk wanda ya kwanta ciwo cikin yaranmu masu aikin gini da ke zaune a Sonafur, unguwar leburori, Musulmi ko Kirista, in labari ya iso mata, to kular abinci za ta tafi can da farfesun kifi da fure a kai. Ta yi imani yana buɗe ciki, yana kwantar da tashin zuciya da kumburin ciki, kuma na ga waɗanda suka kasa haɗiyar komai sun shanye kwano. Ba ta taɓa kiran sa magani ba. Cewa take yi, "Ku sha na likita. Nawa aikin shi ne in sa ku ji yunwa."

Sai ga shi ciwo ya kayar da ita, ita ma ta daina cin abinci. Na kai mata kunu, na kai tuwo, sai ta kau da kai. Likita ya ce in ba ta ci, jikin ba zai ɗauki magani ba. Na ce mata, "Goggo, me kike marmari?" Ta ce, "Kin sani ai." Na sani. Amma furen ya yanke a kasuwa, kowane shago sai a ce jirgin kaya bai iso ba. Na zaga kasuwannin Deira har ƙafata ta kumbura. Na sa a raina cewa in ta ci cokali ɗaya za ta tashi. Ranar da na same shi ita ce ranar da Malam Haruna ya kira. Na san kwana ne ya ƙare, amma wallahi abin yana ci mini rai har yanzu.

A maƙabartar Al Ƙuz, nan Dubai, aka yi mata sutura, 'ya'yanta na Kachia ba su ga gawarta ba. Ranar addu'ar uku na dafa farfesun da furen nan, na sauke tukunya sannan na zuba, kamar yadda ta koya mini. Yaran Sonafur suka cika gidan abincin. Wani mai suna Bulus, wanda ta yi jinya bara, ya kai cokali baki, ya ajiye, ya rufe fuska da hularsa. Ya ce, "Anti, wa zai kawo mana yanzu?" Na ce, "Ni." Ban san zan faɗa ba sai da na ji bakina ya faɗa.

Allah Ya jiƙan Goggo Asabe, Ya yafe mata kura-kuranta, Ya haskaka kabarinta. Yadda ta ciyar da marasa lafiya a ƙasar da ba tasu ba, Allah Ya ciyar da ita daga 'ya'yan itatuwan Aljanna. Ya ba 'ya'yanta da jikokinta haƙuri, Ya raya abin da ta bari. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.