Motar da Ke Mutuwa a Kan Gada

Ƙaurin roba, ko na bokitin da aka manta kusa da murhu ne, har yau yana sa gabana faɗuwa. Yana mayar da ni kujerar baya ta tsohuwar motar Baba.

A unguwar Adjamé muke zaune, Kaka kuwa tana Treichville, ƙetaren lagun, babban ruwan da ya raba birnin biyu. Ni ce takwararta, don haka ni kaɗai Baba ke ɗauka ran Juma'a mu je gaishe ta. Duk mako motar nan lafiya lau take kai shi shago ta dawo, tafiyar da ba ta da nisa. Amma ran Juma'a, bayan mun sha cunkoso, da mun hau gada sai ta yi tari ta mutu mus. Ga odar motoci, ga zagi da Faransanci, ga baƙin ruwa yana motsi a ƙarƙashinmu. Nakan rufe ido in ƙanƙame kujera. Sai motar ta huta ta huce, sannan ta tashi kamar ba ita ba.

An canza fulogi, an wanke tanki, a banza. Matan gidan Kaka suka yanke hukunci: mutanen ruwa ne ke son yarinyar. Wallahi na yarda. Ko wanka aka ce in yi sai na yi kuka.

Kaka ta ce a mayar da ni Damagaram wajen dangin da ban taɓa gani ba, can babu ruwan da zai kira ni. Maganar Kaka ba a musa ta. Inna ta ɗaure mini kaya tana share hawaye da bakin zane.

Ranar da Kaka ta zo sallama, Baba ya durƙusa. "Hajiya, ki yi mini haƙuri in gwada abu ɗaya."

Ya sa ni a mota a ƙofar gida, ya tayar, ya bar ta tana aiki a tsakar rana. Ina zaune, gumi na bin bayana, ina roƙon Allah kada ta mutu. Ta daɗe tana ruri. Sai ta yi tarin nan, ta yi shiru.

"Innalillahi!" in ji Kaka. "Sun biyo ta har gida!"

Baba ya murɗa makulli ya kasa kunne. Ɗan kukan da famfon mai kan yi kafin mota ta tashi, babu shi. Ya buɗe akwatin fis, mahaɗar wayoyin wutar mota, yana taɓa kayan ciki ɗaya bayan ɗaya, sai ya fizge hannu yana yarfewa. Wani ɗan baƙin akwati ne kamar na ashana, rele, mai ba famfo wuta. Gindinsa har ya narke, yana ƙaurin roba. Ya zare na oda, irinsu ɗaya, ya sa a gurbinsa. Murɗawa ɗaya ta tashi.

"Zafi ne, Hajiya. Doguwar tafiya ce ba ya jurewa."

Kaka ta miƙa yatsa ta taɓa narkakken relen, ta ce "Kai!" Ta juya shi a gefen mayafinta, ta daɗe tana kallo. Sannan ta dubi Inna. "Kwance kayan nan."

Motocin yanzu na'ura ake jona musu su faɗi ciwonsu da kansu, babu mai ƙona yatsa. Ni ma ina da tawa, kuma kullum sai na ƙetare lagun zuwa aiki. Na san rele ne, da idona na gani. Amma 'yata ba ta taɓa zama gefen taga a kan gadar nan ba.