Tsohuwar da Ba Ta Kallon Zaki

A masaukin baƙi na gandun dajin Kalahari, kowa ya ruga bakin shinge, don zaki ya zo shan ruwa. Wata tsohuwa kaɗai ba ta motsa ba. 'Yar ƙarama ce, fuska duk tamoji, tana zaune a kan rairayi tana yanka kankanar daji. Ina jin nan ta girma, kafin a bar wa dabbobi wurin.

Ɗanta yana roƙonta: "Inna, tun daga Tsabong na kawo ki. Taso ki gani mana!"

"Mothusi, na san kakansa, ya ci mana akuya," in ji ta. "Ni wajen uwata na zo. A ƙarƙashin ɗaki mai lamba huɗu muka binne ta."