Kwalliyar da Ba Ta Goguwa

Tun safe take tsaye a layin ɗaukar hoton katin shaida a wani biro, wato ofishin gwamnati, na Diffa, doguwar dattijuwa 'yar Bororo. A gefen bakinta akwai baƙin zane da ya baje kamar ganyen kaba, a kumatunta kuma ƙananan layuka kamar sawun tsuntsu a bakin kogin Komadugu. Wataƙila daga wajen Fulatari ta taso. Wataƙila tana ƙarama aka tsaga fatar, aka cusa baƙin tukunya, ta cije ba ta yi kuka ba.

Mai hoton, sabon zuwa daga Yamai, ko kallon kirki bai yi mata ba. Ya miƙo tsumma.

"Inna, goge kwalliyar nan tukuna."

Ta ce wannan kwalliyar ba ta fita. Ya sake miƙowa. Sai ta ja tsaki, ta lashi babban yatsanta, ta murje kuncinta da ƙarfi, ta kai masa yatsan dab da ido, fes da shi.

"Ɗana, damina hamsin ba ta wanke shi ba. Da shi dangina ke gane ni ko a gawa. Kai kaɗai ne sai da takarda."